Kafin A Ba Da Kwangilar Gyaran Gida

'Yan'uwa, da zarar an gama girbi an sayar da masara da waken soya, hankalin magidanta da yawa yakan koma kan gida. Wannan ɗakinsa ya yi yoyo duk damina, wancan katangarsa ta zube a watan Agusta, wani kuma ɗansa zai yi aure ana bukatar ƙarin ɗaki. Daga Nuwamba zuwa Maris za ku ga mutanen Giwa, Kudan, Soba, Makarfi da ƙauyukan Basawa da Bomo suna shigowa Sabon Garin Zariya. Su tsaya a PZ su ciri kuɗi a banki, su shiga shagunan kayan gini, su wuce 'Yan Katako. Cikin makonni kaɗan ake kashe abin da iyali suka shekara suna nomawa.

A wannan lokacin ne kuma ƙara ke yawaita a gaban dattawan ikilisiya da masu unguwa, kuma kusan kullum maganar iri ɗaya ce. An ba mutum kuɗi ya fara aiki, kuɗi ya ƙare, aiki bai ƙare ba. Mai gida ya ce an cuce shi, mai aiki ya ce dama kuɗin bai isa ba. Idan aka tambaya me aka shirya, sai kowa ya kawo nasa zance, gama ba abin da aka rubuta. Saboda haka muna so mu bayyana yadda ake shirya aikin tun kafin a sauke buhun siminti na farko, domin a nan ne yawancin asarar ke samun ƙofa.

Me ya canza?

Kakanninmu ba su san ɗan kwangila ba. Ƙasa tana bayan gida, ciyawa da azara suna daji, hannu kuma na gayya ne. Kowa ya san yadda ake kwaɓa ƙasa, don haka ba mai iya ruɗin wani. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta tashi kusa da tasha, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paterson Zochonis, wanda aka kafa a 1884, ya shigo Nijeriya a 1899. Harufan farko na sunansa ne suka zama sunan unguwar PZ har yau. Ta irin waɗannan kantuna kwano da siminti da ƙusa suka bazu a ƙasar nan.

Da kayan suka canza sai sani ya koma hannun mutane kaɗan. Manomi ya san buhun masara mai kyau da ido, amma bai san ko rodin da aka sa masa a kan ƙofa ya kai kaurin da ya biya ba. Wanda bai san kaya ba dole ya dogara ga wani. Dogara ba laifi ba ce, sai dai tana bukatar tsari.

Hanya uku ta ba da aiki

Ba kowane gyara ke bukatar ɗan kwangila ba. Akwai aikin yini, inda za ku sayi kaya da kanku, ku ɗauki birkila da lebura ku biya su kowace yamma. Wannan ya dace da ƙaramin aiki, kamar toshe tsaga a daɓe ko canza kwano biyar, amma sai mai gida yana tsaye a wurin, in ba haka ba aikin kwana biyu zai zama na mako.

Akwai jinga. Ku ne za ku sayi kaya, mai aiki kuma ya faɗi kuɗin hannunsa na aikin gaba ɗaya. A nan ba ya jan ƙafa, haɗarin shi ne gaggawa, domin yana so ya gama ya wuce wani wuri. A ganinmu jinga ce ta fi dacewa da yawancin gidajen ƙauye, muddin akwai mai lura da kaya.

Ta uku ita ce kwangila cikakkiya. Mutum ɗaya ya karɓi aikin duka, ya sayi kaya, ya kawo birkila, kafinta, mai walda, mai wayar lantarki da mai fenti, ya biya su, ya miƙa muku mabuɗi. Tana da amfani idan aikin ya haɗa sana'o'i da yawa, ko kuwa mai gidan yana aiki a Kaduna ko Abuja, iyayensa tsofaffi ne ke zaune a gidan. Haka ma gyaran gidan fasto ko ajin makaranta, inda kuɗin na jama'a ne. Sai dai ku sani ɗan kwangila zai ɗora ribarsa, kuma hakkinsa ne. Wanda ya ce zai yi muku ba riba, to zai cire ta a wurin da ba ku gani.

Inda birkila kaɗai bai isa ba

Akwai ayyukan da ran mutum ke rataye a kansu: cire bango tsakanin ɗakuna biyu, faɗaɗa ƙofa ko taga, ɗora bene a kan tsohon gini, da tsagar da ke ƙara buɗewa. Ga hanya mai sauƙi ta gwada tsaga. Ku shafa ɗan siminti a kanta ku rubuta kwanan wata a gefe. Idan bayan makonni shafen ya tsage, ginin yana motsi ke nan, toshewa da fenti ba za su yi magani ba. Tsagar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta fi faɗi a sama, sau da yawa daga tushe take.

Mutanen Zariya ba za su manta da ranar 11 ga Agusta 2023 ba, sa'ad da wani sashe na babban masallacin birni ya rufta a kan masu salla, aka rasa rayuka. Gini ne na shekarun 1830, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, kuma an ba da labarin cewa an ga tsagar kwana ɗaya kafin abin ya faru. A Jos kuma, ranar 12 ga Yuli 2024, benen makarantar Saints Academy ya rushe ana cikin karatu, mutum 22 suka mutu, yawancinsu yara. Ɗaya tsohon ginin ƙasa, ɗaya sabon ginin siminti. Nauyi bai san bambanci ba.

Don irin wannan aiki a nemi injiniyan gini ya zo ya duba. Mu da ke kusa da Samaru mun yi sa'a, gama Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan da ke koyar da zanen gini, aikin injiniya da ƙididdigar kayan gini, kuma mutanen da suka yi wannan karatu suna da yawa a ikilisiyoyinmu. Injiniya na gaske yana da lambar rajista daga hukumar COREN, magini mai takarda kuma daga CORBON. Ba rashin kunya ba ne a tambayi lambar, domin a wurin gini kowa mai hular kwano ana kiransa injiniya. Idan gidan yana cikin gari, kamar Samaru, Palladan, Hanwa ko Muciya, ƙarin ɗaki ko bene ko shago a bakin titi yana bukatar izinin hukumar KASUPDA. A nemi izinin kafin a fara. Kuɗinsa bai kai asarar bangon da aka shafa wa jan fenti ba.

Zaɓen mutum

Gani ya kori ji. Kada ku tsaya kan hoton da ke cikin wayarsa. Ku ce ya nuna muku gida biyu ko uku da ya yi, kuma ku zaɓi wanda ya sha damina biyu, domin sabon fenti yana rufe komi. Ku duba silin ko akwai tabon ruwa, ku ƙwanƙwasa filasta ku ji ko tana ƙarar holoƙo, ku buɗe ƙofa ku rufe. Sa'an nan ku koma wurin mai gidan ba tare da shi ba, ku tambaya: ya gama a lokacin da ya ce? Sau nawa ya dawo neman ƙari? Da aka kira shi gyara bayan an biya shi, ya zo? Ku tambayi leburorinsa ma ko yana biyansu. Wanda ke cin gumin yaransa ba zai ji tausayin simintinku ba.

Ku san gidansa ko shagonsa da ƙafarku. Lambar waya kaɗai ba adireshi ba ce.

Yanzu ga maganar da ba a cika so a yi ba. Sau da yawa wanda ake ba aikin ɗan'uwa ne, ko suruki, ko wanda muke zama benci ɗaya da shi ranar Lahadi. Ba mu hana ba, ya kamata ma mu taimaki namu. Amma irin wannan aikin ne ya fi kawo ɓacin rai, saboda kunya takan hana a yi ciniki sosai, ta hana a rubuta, ta hana a ce wannan bai yi ba. Daga baya abin da kunya ta ɓoye sai ya fito da faɗa, har gida biyu su daina gaisuwa. In ɗan'uwa ne, takardar ta fi zama dole, domin abin da za a rasa ya fi kuɗi.

Ƙiyasi

Ku nemi mutum uku su ba ku ƙiyasi, kowa a rubuce, kuma ku gaya musu aiki iri ɗaya. Ƙiyasin da ya ce "gyaran rufi, naira kaza" ba shi da amfani. A rubuta bandir nawa na kwano da kaurinsa, katako nawa da girmansa, ƙusa, siminti buhu nawa, yashi tifa nawa, kuɗin mota, sa'an nan kuɗin hannu daban. Idan biyu sun yi kusa da juna, na uku ya faɗi ƙasa ƙwarai, kada ku yi murna tukuna. Ko dai ya manta wani abu, ko yana shirin rage kaya, ko kuwa yana so ya kware rufin tukuna ya dawo da sabon farashi lokacin da ba ku da zaɓi. Araha ba ta ado.

Da takardar a hannu, ku ba da yini guda ku zaga shagunan PZ da kasuwar Sabon Gari da 'Yan Katako kuna tambayar farashi. Kuɗin mota ne kawai za ku kashe. Ku tuna buhun siminti kilo 50 ne, bandir na kwano falle 20 ne, tsawon rodi cikakke mita 12 ne. Ana sayar da rodin da bai kai tsawo ko kauri ba, don haka a tafi da abin awo. Kwanon alminiyam ana sayar da shi bisa kauri, kamar 0.45 ko 0.55, kuma da ido ba a cika bambancewa ba. A sa mai shago ya rubuta kaurin a rasit.

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayan cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin ɗaukar kaya ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali watanni kaɗan kafin nan wajen rabin haka ake sayensa. Masu kwangila na kirki da yawa sun karye a lokacin ba don mugunta ba. Saboda haka a shirya tun farko wa zai ɗauki nauyi idan kaya suka tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi kayan da ba sa lalacewa, wato kwano, rodi da ƙusa, tun ranar da aka yi ciniki, a ajiye a ɗakin mai gida. Siminti kam ba a tara shi da yawa. A ɗora shi a kan katako nesa da bango, a yi amfani da shi cikin wata uku. Wanda ya dunƙule har yatsa ba ya iya murƙushe shi ya mutu.

Takarda

Ba sai an je wurin lauya ba don gyaran ɗaki biyu. Falle ɗaya na littafin makaranta ya isa, da Hausa, a karanta da ƙarfi a gaban kowa domin wanda bai iya karatu ba ya ji. A rubuta sunan mai gida da na mai aiki da inda kowa yake zaune. A rubuta aikin dalla-dalla, har da abin da ba ya ciki, gama yawancin gardama a kan wannan take: wa zai kwashe ɓaraguzai, wa zai kawo ruwa, wa zai ciyar da ma'aikata, tsohon kwanon da aka cire na wane ne. A sa ranar farawa da ranar gamawa, jimlar kuɗi da yadda za a biya. A liƙa ƙiyasin a baya. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. A yi kwafi, ko a ɗauki hotonta da waya.

Muna roƙon dattawa da shugabannin zumuntar mata su lura da gwauraye da tsofaffi a nan. Su ne aka fi yi wa ciniki da baki, su ne kuma ba sa iya hawa tsani su duba. In irin wannan gida zai yi gyara, a sa mutum biyu su tsaya musu daga farko har ƙarshe. Matan gida ma a sa su cikin shawara. Su ne suka san inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida da inda hayaƙi ke taruwa a madafa.

Kuɗi ya bi bayan aiki

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci. A kowace rana, aikin da ke ƙasa ya fi kuɗin da ya fita, ko aƙalla su yi daidai. Ranar da kuɗin da ke aljihun mai aiki ya fi aikin da ya rage masa riba, daga ranar kun koma masu roƙo.

Kuɗin kafin alƙalami ba laifi ba ne, domin ƙaramin ɗan kwangila ba shi da jarin fara aiki. Amma yana da iyaka. Dokar ba da kwangilar Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta tsayar da shi a kashi 15 cikin 100, daga baya a 2020 aka ɗaga zuwa 30 ga 'yan kwangila na gida, kuma sai an kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora. In gwamnati mai lauyoyi da 'yan sanda ta sa wa kanta wannan iyaka, manomi ba shi da dalilin miƙa kashi 70 a ranar farko.

A ɗauki misali, aikin sake rufin ɗaki uku da filasta, kwangila cikakkiya. A ranar sa hannu a ba da kashi 30, kuma a tafi kasuwa tare a ga kayan sun sauka a gida. Idan an gama ɗaura katako, kun hau kun duba, a ba da 25. Idan an buga kwano an gama, 20. Bayan filasta da silin, 15. Sauran kashi 10 a riƙe. Ba dole rabon ya zama haka daidai ba, abin lura shi ne kowane biya yana ɗaure da abin da ido zai gani. Kada a ɗaura shi da ranar kasuwa ko ranar da mai aiki ya zo da labarin rashin lafiya. In kuna so ku taimake shi a kan matsalarsa, ku taimaka, amma a rubuta cewa daga kuɗin mataki na gaba aka cire.

Kowane biya a shigar da shi a bayan takardar da kwanan wata da sa hannu. Tura kuɗi ta banki ko ta waya ya fi, don yana barin shaida.

Abin da ake rufewa

Fenti da tayil kowa zai gani ya yi magana. Inda ake cuta shi ne abin da za a binne ko a shafe. Don haka akwai ranakun da ko gona ce sai a bar ta a tsaya a gida: ranar zuba tushe, ranar zuba kankare a kan ƙofofi da ginshiƙai, da ranar ɗaura katakon rufi.

Kwaɓin kankare na ginshiƙi da kan ƙofa shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhu ɗaya yana cika kwanon sarki biyu, wato kowane buhu yana ɗaukar kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Yaro ɗan firamare zai iya tsayawa ya ƙirga. Yashin ya zama mai tsabta. Ku damƙa a hannu, in ya bar laka a tafi ko ya dunƙule, ƙasa ta yi yawa a ciki. Leburori suna son ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi saurin zuba, amma ruwa mai yawa yana rage ƙarfi. Rodi kuma kada ya taɓa katakon da aka yi akwatin zubi da shi. Kankare ya lulluɓe shi da kaurin inci guda, in ba haka ba zai yi tsatsa ya fasa ginin daga ciki. Ku ƙirga rodin kafin a zuba, ku ɗauki hoto.

Bulo shi ne babban abin baƙin ciki. Buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo wajen 30 mai inci 9 ba, amma akwai masu fitar da 50 ko fiye. Ku kankare shi da ƙusa, in yana zuba kamar gari ku bar shi. Ku ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ku sake shi a kan ƙasa. Mai kyau zai tsaya, ko ya rabu biyu, marar kyau zai watse. Ku biya kuɗin wanda kuka fasa, ba asara ba ce.

Bayan zubi sai ban ruwa. Mutane da yawa suna tsammani siminti bushewa yake yi. A'a, ruwa yake sha ya yi ƙarfi, kuma yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Mu kuwa a hunturu muke gini, lokacin da iska ke busar da wanki cikin sa'a guda. A riƙa jiƙa sabon kankare da filasta safe da yamma har kwana 7 aƙalla, a rufe da tsofaffin buhuna. Wannan aiki ba mai kwangilar da zai dawo ya yi muku shi, sai dai ku sa 'ya'yanku. Shi ne mafi araha a duk aikin, shi ne kuma aka fi mantawa.

A kan rufi, abokan gaba biyu ne, gara da iskar farkon damina. Katako ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗaura, har da bakin da aka yanke. Iskar Afrilu da Mayu ba ta cika cire kwano ɗai-ɗai ba, takan ɗauke rufin gaba ɗaya da katakonsa ta ajiye a gonar maƙwabci, saboda ba a ɗaure shi da bango ba. A sa langa-langa ko siririn rodi tun cikin gini, a naɗe katakon da ke kwance a kan bango da shi. Ƙusar kwano a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Kafin kwano ya hau, a sami wanda ya san aiki ya hau ya duba.

Gidan ƙasa da tsohon silin

Masu aiki da yawa za su ce muku a rushe ginin ƙasa a yi na bulo. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci aiki suke nema. Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa da ƙasa aka gina ta a 1929, kuma ta kai zamaninmu saboda ana kula da ita. Bangon ƙasa mai kauri ya fi bulo marar siminti ƙarfi, ya kuma fi sanyi a bazara. Abin da yake so shi ne rufi mai baki da zai kare shi daga feshin ruwa, da dakali a gindinsa don kada ruwa ya kwanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa filastar siminti kai tsaye a kan ƙasa. Ba sa kama juna sosai. Bayan shekara biyu ko uku filastar takan rabu, ruwa ya shiga bayanta ya kasa fita, gara ta samu hanya, bango yana ruɓewa a ɓoye alhali waje yana sheƙi. In dole sai siminti, a buga wayar kaji da ƙusa tukuna. In kuwa akwai tsohon magini mai sanin yaɓe da makuba a garinku, a neme shi.

Tsofaffin gidaje da yawa a Sabon Gari da Samaru suna da silin asbesto. In yana zaune lafiya a bar shi. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi falle-falle ba tare da fasawa ko yankawa ba, a fitar da yara daga gidan, domin ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu bayan shekaru masu yawa. Idan gyaran ya haɗa da sabuwar salga, a nisanta ta da rijiya wajen mita 30, kuma ta kasance a gangare.

Namu laifin masu gida

Ba duk rigima ce daga mai aiki ba. Mai gida yakan zo ana tsakiyar aiki ya ce a ƙara taga, a matsar da ƙofa, tunda ga ku nan a ɗan taɓa madafa, sa'an nan ya yi mamaki da aka nemi ƙari. Kowane canji a tsaya a yi cinikinsa a rubuta kafin a taɓa. Wani kuma yakan fara aikin da kuɗinsa bai kai ba, da fatan Allah zai kawo. Gara a gama ɗaki ɗaya a shiga da a kware uku damina ta same su a buɗe. A ware kashi 10 na kuɗin a gefe, domin tsohon gida ba ya nuna ciwonsa sai an buɗe shi.

Idan mataki ya cika, a biya a ranar. Lebura da abin da ya samu yau yake cefane. Kuma a yi lissafi a gama rufi kafin ƙarshen Maris.

In magana ta ɓaci

A dakatar da aiki da biya. A kira shaidun, a samo wani magini da ba ruwansa da kowa ya auna abin da aka yi ya faɗi kimarsa, a gwada da abin da aka biya. Yawancin rigima a nan take mutuwa, domin lissafi ya fito fili. In ba ta mutu ba, a kai wa dattawa ko mai unguwa, ko shugabannin ƙungiyar masu sana'arsa in yana cikin wata, gama suna jin kunyar a ɓata musu suna. Mutane sukan ruga ofishin 'yan sanda, amma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sai in akwai zamba a fili, kamar wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace ko ya sayar da kayanku. Neman kuɗi a dawo da shi aikin kotu ne, kuma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne takarda, rasit da shaidu. Kada a riƙe kayan aikin mutum ko a sa matasa su tare shi a hanya, wannan yakan mai da mai gaskiya mai laifi.

Idan kuwa aiki ya tafi daidai, a zaga tare a ranar gamawa, a rubuta ƙananan abubuwan da suka rage, a karɓi ragowar kaya da rasit duka. Kashi 10 da aka riƙe yana nan. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 har wata 6, mu namu ma'aunin shi ne damina. In ruwan Yuni da Yuli ya sauka ɗaki bai zuba ba, a kira shi a gaban shaidun nan a ba shi cikon kuɗinsa ba tare da ja-in-ja ba, ya sa hannu a ƙasan takardar cewa ba ya bin kowa komi.